Teburin Bakin Taga

Matakala ashirin da biyu ake saukowa kafin a iso wurin Mai-Fayil. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana saukowa a kansu kowace safiya, har ta san wadda ta gutsire a gefe da wadda take da santsi. Ɗakin nata a ƙarƙashin ginin ofis yake. Ba shi da taga, sai wata 'yar kafa can kusa da rufi, ita kuma ta buɗe ne daidai bayan janareta, don haka tun shekarar farko aka toshe ta da kwali. Kantocin ƙarfe goma sha huɗu ne a jere, maƙare da fayil-fayil, ga injin kwafi a lungu yana huci kamar mai jin haushi. In damina ta sauka bangon yakan yi gumi, fumfuna ta bi bayan kantoci, takardu su riƙa wari irin na tsohon buhu.

A nan ƙirjinta ya fara kuka. Da fari tari ne, ta ɗauka mura ce. Daga baya numfashin ya riƙa fita da 'yar ƙara kamar ana busa ƙaramin usur a cikin rigarta. Likita ya ce asma ce, ya ba ta abin shaƙa, ya kuma rubuta mata takarda cewa a raba ta da ƙura da danshi. Ta ninke takardar ta cusa a ƙasan jaka. Ta ga yadda aka yi da tsohuwar mai buga takardu lokacin da idonta ya raunana: aka yi mata godiya, aka ɗauki hoto da ita, aka ce ta je gida ta huta. Mai-Fayil ba ta shirya irin wannan hutun ba.

A gida Mama ce kaɗai ta sani. Da safe takan tsaya bakin ƙofa da butar shayi a hannu, ta karkata kai tana sauraro.

"Yau ma usur ɗin ya tashi," in ji ta. "Ke wai kurege ce da za a ce kullum kina rami?"

"Mama, aikin ne a ramin."

"To aikin ya fito mana. Shi ba ya shan iska?"

A ofis kuwa mutum ɗaya ce ta sani, ita ce Rediyo. An raɗa mata sunan ne don in ta fara magana sai dai a ɗauke wuta. A sashen karɓar baƙi take, a hawa na ɗaya, teburinta na kallon ƙofar banɗaki. Shekara tara suna cin abincin rana tare, a kan matakala ta goma sha ɗaya, wai don kada wata ta cuci wata a tafiya. "Tawan" suke ce wa juna. Rediyo ce ta taɓa tarar da ita durƙushe tsakanin kantoci tana neman numfashi, ta zazzage jakarta a ƙasa har ta gano abin shaƙar, ta riƙe mata kai. A ranar, Mai-Fayil ta ce, "Don Allah, kada kowa ya ji." Rediyo ta dafa ƙirji ta ce, "In kin ji a bakin wani, ki canza mini suna."

Akwai kuma 'yar shuka. Mama ce ta dasa mata reshe a gwangwanin madara, wai ta riƙa ganin kore. Kwana goma a ƙasa ganyen ya yi rawaya ya langaɓe. Rediyo ta ɗauke ta ta ce za ta riƙe mata a sama har ranar da Allah zai fito da ita.

Ana nan sai Manaja ya tara ma'aikata ya ce hedikwata ta amince a gyara ofis gaba ɗaya saboda lafiyar ma'aikata. Za a rushe 'yan ɗakunan katako na hawa na ɗaya a mai da wurin babban zaure, a sa kujeru masu tallafar baya, a buɗe tagogin da aka liƙe. Aka kafa kwamiti na mutum biyar, Rediyo ta shiga da sunan wakiliyar ƙananan ma'aikata. Aka kuma ɗauko wata Injiniya, doguwa mai ƙaramar murya, kullum da tef ɗin awo a aljihun rigarta.

Ita ce ta fara saukowa ƙasa ba tare da tana neman fayil ba. Ta tsaya tsakiyar ɗakin, ta shaƙi iska sau ɗaya, ta yi atishawa sau uku.

"Awa nawa kike yi a nan?"

"Takwas."

"A mako?"

"A rana."

Injiniya ta zagaya bayan kantoci. Ta taɓa bango, ta dubi tafin hannunta, ta rubuta wani abu a littafinta. Da za ta fita ta ce, "Takardu za su iya zama a nan in an gyara musu iska. Mutum kuwa a sama ya kamata ya zauna, ya riƙa saukowa in da buƙata."

Washegari aka raba wa kowa fom. Injiniya ta ce kada wanda ya rubuta sunansa, kowa ya faɗi abin da ke damun jikinsa a wurin aiki, babu mai gani sai kwamiti, su ma ba za su san mai shi ba. Mai-Fayil ta kai nata kan matakala ta goma sha ɗaya tana juya shi.

"Rubuta mana," in ji Rediyo da cokali a baki. "Rubuta komai, har usur ɗin. Ba suna, ba komai. Wa zai gane?"

"In aka gane fa?"

"Tawan, ke tsoronki ya yi yawa. Ko inuwarki ta yi atishawa sai kin ce an gano ki. Ga ni a cikin kwamitin, me kike tsoro?"

Ta rubuta. Ta faɗi tarin, ta faɗi abin shaƙar, ta faɗi takardar likitan da ke ƙasan jaka. Ta yi shi da wannan kyakkyawan rubutun nata mai tsayayyun baƙaƙe, wanda ke bayan kowane fayil a ginin, dubu huɗu da wani abu. Sai da ta jefa fom ɗin a akwati tunanin cewa za a iya gane rubutun ya zo mata. Amma ta tuna maganar Rediyo, ta danne.

Bayan mako biyu aka liƙa zanen sabon zauren a allon sanarwa. Mai-Fayil ta jira sai da mutane suka watse, sannan ta matsa. Tebura ashirin da huɗu, kowanne da lamba. Can ƙarshen zauren ta gabas, gefen babbar tagar da ke kallon bishiyar harabar, ga tebur na bakwai, an rubuta da fensir: sashen fayil. Ta karanta sau uku. Ta hau ta leƙa wurin, ko da yake ba komai a ciki sai tarkacen katako da ƙurar siminti. Tagar a buɗe take. Ganyen bishiyar na motsi, iska ta taɓa mata fuska, ta ji numfashin ya shiga har ƙasan ciki ba tare da ya tsaya a hanya ba.

Da ta gaya wa Mama, tsohuwar ta ajiye buta ta ɗaga hannu sama. Ta ce ita za ta ɗinka labulen. Har ta fara laluben wani yadi mai ruwan ƙasa da ta ɓoye tun shekarun baya.

Wata biyu ana aiki. Ana sauran kwana huɗu a koma zauren, Rediyo ta sauko har ƙasa, abin da ba ta cika yi ba. Ta zauna a kan kwalin takarda, ta cire takalmi ɗaya tana matsa ƙafa.

"Tawan, ki yi haƙuri da abin da zan gaya miki."

Mai-Fayil ta ajiye abin huda takarda.

"Manaja ne. Ya ce mai fayil da fayil ba a raba su. Wai in kina sama, wa zai tsare ɗakin? Wallahi na yi faɗa a kanki har muryata ta dishe. Na ce masa wannan zalunci ne. Ya buga tebur. Kin san shi in ya kafe."

"Injiniya fa?"

"Ita me za ta ce? An ɗauko ta ne, an sallame ta. Amma za a sa miki fanka sabuwa, ni na matsa a kan wannan."

Mai-Fayil ta dubi kwalin da ya toshe kafar. Ta ce, "Na gode, Tawan. Kin yi iya naki." Har ta ba ta ragowar alewar tari da ke aljihunta, saboda muryar da ta dishe.

Ba ta tambayi wanda aka ba tebur na bakwai ba. Ranar buɗewa ta gani da idonta. Rediyo ce, da 'yar shukar a kan dakalin tagar, ta yi sabbin ganye huɗu. Rediyo ta ɗago hannu tun daga nesa. "Ƙuri'a aka jefa, Tawan! Na ce gara ni da wani, ko ba komai kya riƙa zuwa kina shan iska." Mai-Fayil ta yi murmushi, ta ce haka ne. A ranta ma ta ce haka ne. Mama ta mayar da yadin cikin akwati.

Fankar ta iso. Aikinta ɗaya ne, ta ɗebi ƙurar wannan kanta ta kai wa waccan.

Akwai abin da mutanen sama suke mantawa, shi ne duk takardar da aka rubuta a ginin nan, komai daɗewa, ƙasa take saukowa. Mai-Fayil kuma ba ta taɓa rufe fayil ba sai ta sa wa kowane shafi lamba a kusurwa da jan biro, ta karanta layinsa na farko don ta san abin da za ta rubuta a jerin abubuwan da ke ciki. Haka aka koya mata, haka take yi ko da takardar sayen tsintsiya ce.

Mako uku bayan buɗewa, Baba Masinja ya sauko yana dafa gwiwa, da fayil mai kauri a hammata.

"'Yata, ga na kwamitin lafiya, an gama da shi. Kai, wannan rami naki! Kullum na sauko sai na ji kamar an binne ni da rai." Ya ajiye, ya tsaya yana haki. "Ni da na ɗauka ke za a fara fitarwa."

"Allah bai yi ba, Baba."

"Uhm," in ji shi. Ya buɗe baki kamar zai ƙara, sai ya fasa, ya kama matakala.

Ta jawo fayil ɗin ta fara. Shafi na ɗaya, takardar kafa kwamiti. Na tara, farashin kujeru. Na goma sha bakwai, zanen farko, da tebur na bakwai da fensirin Injiniya. Ta wuce shi da sauri. Na ashirin da uku, bayanin zama na biyar. Ta sa lamba, ta karanta layin farko: an tattauna batun teburin sashen fayil. A ƙa'ida nan ya kamata ta tsaya. Idonta bai tsaya ba.

Magatakardan kwamitin mutum ne mai rubuta komai, ko tari aka yi sai ya sa. Ya rubuta cewa Injiniya ta ba da shawara a dawo da mai kula da fayil sama, Manaja ya amince. Sai wakiliyar ƙananan ma'aikata ta nemi izinin magana. Ta zaro fom ɗaya daga cikin tarin, ta ce ta gane rubutun, na mai kula da fayil ne, kowa ya duba bayan kowane fayil zai gani. Ta ce mai ciwon asma ce, tarinta ba ya tsayawa, zai dami abokan aiki da baƙi a buɗaɗɗen zaure. Ta ce ƙawarta ce ta shekara tara, kuma da bakinta ta gaya mata ta fi son zama a ƙasa, ba ta son hayaniya. Injiniya ta nuna rashin amincewa, ta ce a kira mai abin a tambaye ta. Wakiliya ta ce kiran zai kunyata ta, tunda ɓoye ciwon take yi. Aka bar maganar a haka. Manaja ya ce a duba batun lafiyar ma'aikaciyar a ƙarshen shekara. Wakiliya ta nemi a ba sashen karɓar baƙi tebur na bakwai. An amince.

A bayan shafin an maƙala fom ɗin nata da ƙaramin ƙarfe. Wani ya ja layi a ƙarƙashin kalmar asma.

Fanka ta juyo ta ɗaga gefen takardar, ta tafi, ta dawo ta sake ɗagawa. Abin da ya fi ƙona mata rai alewar tarin nan ce. Ta ga hannunta yana miƙawa, ta ga hannun Rediyo yana karɓa, ta ji muryarta tana cewa kin yi iya naki. Ashe shi ya sa masu magana suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Usur ɗin ya taso. Ta shaƙi maganin sau biyu, ta jira. Sannan ta ƙarasa sa wa fayil ɗin lamba har shafi na arba'in da ɗaya, don ba ta iya barin aiki a rabi ba. Ta kunna injin kwafi ta buga shafi na ashirin da uku.

Lokacin abincin rana ne. Zauren ya yi shiru, sai mutum uku can nesa. Rediyo na zaune a tebur na bakwai ta miƙe ƙafa, iska na kaɗa mata gefen mayafi.

"Tawan! Yanzu nake shirin saukowa. Kin san abin da mutumin nan na asusu ya yi yau? Wai kujerarsa—"

Mai-Fayil ta ajiye takardar a gabanta.

Rediyo ta karanta. Karon farko a shekara tara da aka ɗauke mata wuta. Ta ɗago, ta mayar da ido kan takardar, ta ce, "Wannan magatakardan ma, komai sai ya rubuta."

"Ƙarya ya rubuta?"

"Ba haka na faɗa ba. Wato, ba da wannan nufin ba."

"Na ce miki na fi son ƙasa?"

"Ai kin saba, Tawan. Kullum shiru kike so, ke da takardunki."

"Kada ki ƙara kirana haka."

Rediyo ta gyara zama, fuskarta ta canza. "To ni fa? Shekara tara ina kallon ƙofar banɗaki. Duk wanda ya shiga ni ce mai shaida, duk wanda ya fito ni ce mai shaƙa. Kin taɓa tambayata ciwon kan da nake tashi da shi? A zanen nan tsakiya aka jefa ni, ƙarƙashin fitila, kamar kazar kiwo. Ni ma mutum ce."

"Da kin roƙe ni."

"Da za ki ba ni?"

Mai-Fayil ta yi tunani da gaske, don ba ta iya amsar ganganci ba. "Ban sani ba," ta ce. "Wataƙila da mun raba, ke safe ni yamma. Amma da ƙirjina kika saya." Ta nuna layin da ke maganar ƙarshen shekara. "Kin ga wannan? Kin tuna mai buga takardu?"

Rediyo ta kawar da kai wajen bishiyar. "Ba za a kai ga haka ba."

"Ke kika ce in na ji a bakin wani in canza miki suna. Na rasa wanda zan sa miki."

Ta miƙa hannu ga gwangwanin madarar, ta ɗaga shi. Shukar ta yi nauyi, ta yi kyau, har wani sabon ganye ya fara warwarewa. In ta sauka da ita, kwana goma ne. Ta mayar da ita kan dakalin, ta juya gefen da bai samu rana ba ya kalli waje.

Ƙofar Manaja na ƙarshen zauren. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ƙwanƙwasa ta ba sai an kira ta. Ta tsaya ta zazzage jakarta har ta gano takardar likitan, ta yi laushi, ninkin ya kusa yagewa. Abin da take ɓoyewa ya riga ya fita, ba sauran abin rufewa. Ta shiga.

Ta ajiye masa abu uku: takardar likita, shafi na ashirin da uku, da makullan ɗakin fayil.

"Ranka ya daɗe, ba a tambaye ni ba. Yanzu ga ni. Ban taɓa cewa na fi son ƙasa ba. Ciwon gaskiya ne, kuma ɗakin ne ya ba ni shi. Aikina ban taɓa kasa shi ba, ka tambayi kowane fayil a ginin nan, in ban kawo maka a minti biyar ba ka sallame ni. Amma awa takwas a can, ba zan ƙara ba."

Manaja ya karanta takardar likitan, ya dubi kwanan watan da ke kanta, ya cire tabarau ya murza ido. Ya dubi makullan kamar za su cije shi, don ya san babu wanda zai iya gano ko takardar haihuwarsa a ɗakin nan in ba ita ba.

"Zauren ya cika," ya ce. "An riga an rarraba, an aika wa hedikwata hotuna. In na taɓa tebur ɗaya, duk sai sun taso mini." Ya tura mata makullan. "Akwai wuri a saman matakala, gefen ƙaramar tagar nan. A sa miki tebur. Ki riƙa sauka in an nemi fayil. Maganar ƙarshen shekara kuma, an bar ta."

"A rubuta, ranka ya daɗe."

Ya ɗago ya dube ta.

"Komai ƙasa yake saukowa," ta ce. "Ina so in sa masa lamba."

Ya rubuta.

Washegari Baba Masinja da mai gadi suka hauro da tsohon teburinta suna nishi. Tagar saman matakala ba ta fi faɗin fayil biyu ba, bangon maƙwabta take kallo, babu bishiya. Kujerar ma tsohuwar ce, don sabbin ashirin da huɗu aka saya cif. Amma tana buɗuwa, iska na shigowa. Mama ta yanko ɗan ƙyalle daga yadin nan, ta ce ragowar ya jira.

Da rana ta yi, Mai-Fayil ta ji takun da ta sani. Rediyo ta zo da kwanon abincinta, ta tsaya, ta dubi matakalar da ke gangarawa ƙasa, ta dubi teburin.

"Sannu da aiki," ta ce a hankali.

"Yauwa, sannu," in ji Mai-Fayil, ta jawo littafin karɓar fayil ta buɗe, ta ɗauki jan biro. "Wane fayil ake nema?"